Tsatsa da tsufan kayan haƙar mai a tekun Najeriya

Tsatsa na daga cikin manyan matsalolin dandamalan haƙar mai da bututun da ke cikin tekun Najeriya. An fara fitar da mai daga teku a filin Okan a shekarar 1965, sannan kamfanin Mobil ya fara nasa a filin Idoho a 1970. Galibi ana ƙera irin waɗannan kaya ne don su yi aikin shekara 20 zuwa 30, amma wasu sun daɗe da wuce wannan wa'adi.

Yadda tsatsa ke cin ƙarfe

Ta waje, ruwan gishiri da iska ne ke cin ƙarfe, musamman a daidai inda igiyar ruwa ke dukansa, ya jiƙe ya bushe. Ta ciki kuwa, ruwan da ke fitowa tare da ɗanyen mai, da iskar gas mai guba, da ƙwayoyin cuta su ne ke rage kaurin bututu har ya huje.

Hanyoyin kariya

Ana shafe ƙarfen da fenti na musamman. A ƙarƙashin ruwa ana manna masa dunƙulen tutiya ko alminiyon, domin tsatsa ta cinye su a maimakonsa. Idan suka ƙare, dole a sauya su. Ana kuma tura na'ura ta cikin bututu don ta share shi, ta auna kaurinsa.

Halin da ake ciki

Tsofaffin kayan suna komawa hannun kamfanonin cikin gida. A watan Disambar 2024 kamfanin Seplat ya kammala sayen reshen ExxonMobil mai aiki a gaɓar jihar Akwa Ibom. Wanda ya gaji rijiya ya gaji nauyin gyaranta, alhali tsohuwar rijiya na ba da mai kaɗan, kuɗin kula da ita kuma na ƙaruwa.

Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta wajabta wa kamfanoni ware asusun kwance kayan da suka gama aiki, kuma hukumar NUPRC ce ke sa ido a ɓangaren haƙar mai. Idan aka yi sakaci da gyara, masuntan gaɓar teku ne ke fara ɗanɗana kuɗarsa, sannan baitulmalin ƙasa da jihohi 36 ke cin gajiyarsa.