Thailand Ta Yi Daidai Da Ta Haramta "The King and I"

Na ji wani mai sharhin fina-finai yana cewa lokaci ya yi da Thailand za ta daina haramta fim ɗin "The King and I", wai ai nishaɗi ne kawai. Wannan magana ta ɓata mini rai. Tun da aka fito da fim ɗin a 1956, daga wasan dandamali na Rodgers da Hammerstein na 1951, ake ta kuranta shi saboda waƙoƙinsa da kyaututtukan Oscar biyar da ya kwashe. Ba mai tambayar mutuncin wa aka taka kafin a samu wannan yabo.

Sarki Mongkut na Siyam (Thailand ta yau) ne aka wulaƙanta. Mutumin da ya shafe shekara 27 a zaman ibada da karatu kafin ya hau gadon sarauta a 1851, ya iya Turanci, ya naƙalci ilimin taurari har ya lissafa husufin rana na 18 ga Agusta 1868 daidai. Shi ne ɗan wasa Yul Brynner ya mayar wani mai tsawa da buɗaɗɗen ƙirji, yana ɗaga bulala kan mace, sai malama Baturiya mai suna Anna ta koya masa hankali. Har an nuna Anna a gefen gadonsa yana cikawa, alhali ta bar Siyam tun 1867, shekara guda kafin rasuwarsa. Da dabarun wannan sarki da na ɗansa Chulalongkorn ƙasar ta tsira daga mulkin mallaka, lokacin da Ingila da Faransa ke haɗiye maƙwabtanta.

Masu cewa waƙoƙin na da daɗi, su je su yi ta saurare. Zuma a baki ba ta goge ƙarya.

Mu ba baƙin wannan salo ba ne. Haka Lugga ya riƙa siffanta sarakunanmu da zalunci a rahotanninsa kafin sojojinsa su afka wa Kano da Sakkwato a 1903, kuma har yau akwai 'yan bokonmu da ke maimaita wannan karatu. Su ne dai ke tafa wa Hollywood.

Al'ummar da ta hana a mayar da sarkinta abin dariya ta san darajar kanta. Thailand ta riƙe matsayinta, kada ta janye.