Jirgin Sama Mai Araha da Fataken Bagudo

Bahaushe ya ce araha ba ta ado, amma a kasuwar zamanin nan araha ce take jan mai saye. Ga madara da sabulun gari an ƙulla su cikin 'yan ƙananan leda, ga motocin tokumbo, ga gwanjon tufafi. Wannan guguwa ta kai har sararin sama, inda wasu kamfanoni suka ce talaka ma ya cancanci kujera. Abin tambaya a nan shi ne: yaya wannan araha za ta amfani mutumin Bagudo, wanda rayuwarsa ta dogara ga kogin Kwara da iyakar Jamhuriyar Benin?

Da farko ya kamata a san yadda jirgin araha yake cin riba. Yakan cire abinci, ya sa kuɗi a kan kaya, ya yi amfani da jirgi iri ɗaya domin gyara ya yi sauƙi, sa'annan ya cika kujerunsa a kowane sawu. A Ingila, Freddie Laker ya fara irin wannan jigila tsakanin Landan da New York a 1977, amma a 1982 kamfaninsa ya durƙushe saboda bashi da tsadar mai da faɗuwar darajar fam. A Nijeriya kuwa, Alhaji Muhammadu Ɗan Kabo ya kafa Kabo Air a Kano a 1980, ya nuna cewa ɗan kasuwa yana iya yin abin da Nigeria Airways ta kasa, ita da ta rufe a 2003. Daga baya Max Air da Azman suka biyo sawu, Green Africa kuma ta fara tashi a 2021 da sunan jirgin araha, tana amfani da ƙananan jirage masu farfela.

To, amma jirgi ba ya sauka a Bagudo. Bafataken Illo ko Ka'oje ko Tsamiya sai ya ɗauki hanyar mota zuwa filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, kusa da Birnin Kebbi. Daga filin nan ne jirgin farko na alhazan Nijeriya ya tashi a 2024, wato filin ba ya da kasawa. Sai dai aikin hajji sau ɗaya ne a shekara, jirgin araha kuwa kullum yake neman fasinja. Kuma kuɗin jirgi da kayan gyaransa da dala ake biya, alhali tikiti da naira ake saye. Tun da aka saki naira a 2023, kowane kamfani ya ji a jikinsa.

Waɗanda za su cika kujerun nan su ne masu albasa da shinkafa da kifi da shanu, masu ratsa Tsamiya zuwa Segbana, ko su nufi kasuwar Malanville. Lokacin da gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, har aka hana kai man fetur garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, aljihun waɗannan bayin Allah ne ya fara ramewa. Mutumin da kasuwarsa ta mutu ba ya sayen tikiti, ko da an raba kuɗin biyu.

Wasu za su ce jirgi shi ne zai jawo masu jari, kasuwa ta biyo baya. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin babu attajirin da zai so ya kwana bisa hanya daga Legas. Duk da haka, attajiri yakan zo ne inda ya ga kaya suna motsi.

Saboda haka, hukuma ta fara daga ƙasa. A gyara hanyar da ta haɗa Bagudo da iyaka, a rage shingayen karɓar na goro, a bar ciniki na halal ya gudana bisa ƙa'idar kwastan. Idan fatake suka samu, ƙaramin jirgi mai kujera 70 zai sami masu cika shi ba tare da an roƙe shi ba. Allah ya sa shugabanni su gane.