Tsohon buhu ya ɗaukaka ɗan Tamale: ina rabon ƙasar Gumel?

A watan Disamban 2025 mujallar ArtReview ta Landan ta fitar da jerin mutum 100 da suka fi faɗa a ji a harkar zane da fasahar hannu a duniya, ta kuma sa Ibrahim Mahama a kan gaba. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya hau wannan matsayi. Ba attajirin nan ƙanin Shugaba John Mahama ba ne, suna ne ya zo ɗaya. Wannan haifaffen Tamale ne a arewacin Ghana, a 1987, kuma tsohon buhun algarara ne ya fito da shi duniya.

Duk ɗan kasuwa ya san rayuwar irin wannan buhu. A Indiya da Bangladesh ake saƙa shi, a shigo da shi Ghana domin koko. Idan ya gama wannan aiki sai ya faɗa hannun masu masara da shinkafa, kowa ya rubuta sunansa a jiki, a yi masa faci, a ƙarshe ya kare a wurin masu gawayi. Mahama, wanda ya yi karatu a jami'ar KNUST ta Kumasi, yakan ba 'yan kasuwa sabo ya karɓi tsoho, ya ɗauki ma'aikata su ɗinke su wuri guda, sannan ya lulluɓe manyan gine-gine da su. Mai kallo yana ganin gumin ɗan dako da hanyar da kaya suka bi. A 2015 Okwui Enwezor, ɗan Nijeriya, ya saka aikinsa a babban baje kolin Venice na Italiya. A 2017 aka gan shi a Kassel ta Jamus. A 2024 ya rufe bangon cibiyar Barbican ta Landan da yadi mai faɗin kimanin murabba'in mita 2,000, wanda ɗaruruwan masaƙa da maɗinka suka haɗa a Tamale.

Sai dai baje koli ba shi kaɗai ya ba shi wannan matsayi ba. Kuɗin da ya samu a Turai gida ya mayar da su. A 2019 ya buɗe cibiyar SCCA a Tamale, a 2020 ya buɗe Red Clay, inda ya jawo tsofaffin jiragen sama ya mai da su azuzuwan yara, sannan ya sayi wani rumbun hatsi da aka yi watsi da shi tun zamanin Nkrumah ya farfaɗo da shi.

A nan ne maganar ta shafi arewacin Nijeriya. Tun 1958 ɗaliban zane na kwalejin Zariya suka kafa ƙungiyar da ta sauya alƙiblar zane a ƙasar nan, amma Uche Okeke ya ƙare a Nsukka, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo a Legas. Arewa ta horar, kudu ta mora, domin can ne masu saye suke.

Ƙasar Gumel ba ta rasa kayan aiki ba. Ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, bayan karar shanu da raƙuma, buhunan riɗi da zoɓo ne daga Gagarawa da Sule Tankarkar da ƙauyukan Nijar, ana lodinsu zuwa Kano da Legas. Ga masu saƙar tabarma da faifai, ga masu ɗinkin hula, ga dukawa. Yadda riɗi ke fita ɗanye wani ya ci ribar mansa, haka aikin hannun nan ke fita a arha ba tare da sunan mai shi ba. Uban da ke hana ɗansa karatun zane saboda gudun surar mai rai zai iya lura cewa ayyukan buhun da suka ɗaukaka Mahama babu sassaƙen mutum ko dabba a cikinsu. Ɗinki ne da saƙa, sana'ar da kakanni suka yi.

Akwai abin dubawa kuma. Hannu ɗaruruwa ke ɗinkin, suna ɗaya ke shiga mujalla, kuma masu sayen aikin yawancinsu a ƙetare suke. Wanda zai kwaikwayi Tamale a Jigawa dole ya fara da tsayar da ladan maɗinki kafin ya yi maganar shahara.

Bambanci na biyu shi ne Mahama da aljihunsa ya gina, ba da kasafin gwamnati ba. Jigawa ba ta da mai zanen da ya tara irin wannan dukiya, don haka ido zai koma kan manyan dillalan Maigatari, da masarautar Gumel, da Kwalejin Ilimi ta Gumel da ke horar da malaman da za su koyar da yaran yankin. Abin da ake buƙata da farko bai wuce sito ɗaya mai rufi da wuta ba, inda za a ajiye aikin gwanaye da sunan kowa a jiki, ɗalibai su shigo su gani, baƙin kasuwa su tambayi farashi.