Bayan an tashi daga makaranta: ina yaran Kura da Bunkure suke zuwa?

Tun da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a watan Yunin 2024, muhawarar ta fi karkata ga gina azuzuwa, samar da kujeru da ɗaukar malamai. Abin da ba a cika taɓowa ba shi ne sa'o'in da ke biyo bayan kaɗa ƙararrawar tashi, waɗanda a yankin noman rani na Kura da Bunkure suke iya yanke makomar yaro.

Tun bayan kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noma ba ya tsayawa a wannan yanki da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ke kula da shi. Shinkafa da damina, tumatir da albasa da alkama da rani. Wannan albarka ce, amma tana da nata nauyi: a lokacin dashe ko tsinkar tumatir, hannun yaro kuɗi ne ga gidansu. Yara maza kan nufi gona, mata kuma talla, sai Islamiyya bayan la'asar. Duk shirin ƙungiyoyin ɗalibai da ya yi watsi da wannan jadawali, a takarda zai ƙare.

Shi ya sa kwaikwayon makarantun kuɗi na cikin birni ba zai yi tasiri ba. Ƙungiyar da za ta karɓu ita ce wadda uba zai ga amfaninta da idonsa. Ta farko ita ce ƙungiyar matasan manoma, wadda makarantun Najeriya suka sani tun da daɗewa, kuma takwararta ta 4-H ta haura shekara ɗari a Amurka. Fili kaɗan a harabar makaranta ya isa yaro ya koyi auna taki, rubuta abin da aka kashe da lissafin riba. Manoman da tsutsar Tuta absoluta ta cinye wa tumatir a 2016 sun san darajar gane ƙwari da wuri.

Ta biyu ita ce ƙungiyar kiwon lafiya. Yaran da ke wanka a magudanan ruwan noma suna fuskantar tsargiya, cutar da katantanwar ruwa ke yaɗawa, wadda alamarta fitsarin jini ce. Ga kuma haɗarin nutsewa, da na ɗebo ruwa a robar da aka zuba maganin feshi. Gargaɗin da yaro ya ji daga bakin abokinsa yakan fi zama masa a rai.

Batun lokaci ma yana da mafita. Yawancin Islamiyyu kan huta Alhamis da Juma'a, don haka sa'a guda a yammacin Alhamis ba za ta ci karo da karatun addini ba.

Matsalar gaske ita ce malami. Wanda ya wuni da aji cunkushe ba zai tsaya bayan tashi don ladan baki kawai ba. Dole ne Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta jiha ta ware ɗan alawus da iri da kayan aiki, kwamitocin kula da makarantu su jawo malaman gona da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, 'yan kasuwar da ke cin ribar shinkafar Kura su ma su sa hannu.

Idan an bar yammacin yaro ga gona da talla kaɗai, sabon aji ba zai hana shi barin makaranta ba. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe.