Digiri ko sana'a: ina za mu zuba kuɗin adashenmu?

 

Saƙon wannan makon a kan maganar nan ne da ke tashi a kusan kowane gida da zarar sakamakon WAEC da NECO da JAMB ya fito: yaron nan ko yarinyar nan, jami'a za a tura su ko wurin koyon sana'a? Maigida zai faɗi nasa, kawu zai faɗi nasa. Amma ranar biyan kuɗin rajista, sau da yawa adashen uwa ne ke tafiya, ko akuyarta, ko ɗan kunnenta na gwal. To kun ga ai mu ma muna da ta cewa.

Ga matsayinmu tun farko: kafin ki sa kuɗinki a kan digiri ko sana'a, ki tambaya, idan yaron ya gama, wa zai biya shi kuɗi saboda abin da ya iya? Idan ba a samu amsa ba, a ƙara zama a yi shawara.

Mu fara da digiri. Akwai ƙofofin da doka ta kulle, ba mai shiga sai da takarda. Likita sai ya yi shekara 6 a jami'a. Lauya shekara 5, sannan ya wuce makarantar horar da lauyoyi. Malamar jinya da ungozoma sai sun yi kwaleji ko jami'a, sun karɓi lasisi daga majalisar da ke kula da aikinsu. Koyarwa kuwa mafi ƙarancin shaidarta ita ce NCE. Duk wadda ta taɓa kai 'yarta asibiti tana naƙuda cikin dare, aka ce babu ma'aikaciya mace, ta san irin ƙishin da muke da shi na 'ya'yanmu mata a waɗannan ayyuka. Yarinyar da Allah ya ba ta kai, tana son wannan fanni, wallahi asara ce a ce mata ta haƙura ta koyi kitso.

Sai dai digiri kala-kala ne, kuma hanyarsa doguwa ce. Shekara 4 a takarda, amma mun ga yadda yajin aikin ASUU na 2022 ya rufe jami'o'in gwamnati wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Bayan nan ga shekara 1 ta bautar ƙasa. An kafa NYSC tun 1973, lokacin da masu digiri ba su da yawa, aiki na jiransu. Yau kowace shekara dubbai ke fitowa, guraben gwamnati kuwa ba su ƙaru haka ba. Alawus ɗin naira 77,000 na tsayawa ranar da aka cire kaki. Daga nan sai yawon ofis-ofis da fayil a hannu, har wani ya wuce shekarun da ake nema a tallan aiki. Ko an dace an samu, mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Ku da kuke cefane kun san kwana nawa wannan kuɗin zai yi a gida.

Kada kuma alƙaluma su ruɗe mu. A ƙarshen 2020 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce marasa aikin yi sun kai kashi 33.3 cikin ɗari. A farkon 2023 adadin ya koma kashi 4.1. Abin da ya sauya shi ne ma'aunin: yanzu wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako don samun kuɗi ana lissafa shi cikin masu aiki. Ɗanki mai digiri da ke zaman shagon wani ranar Asabar kaɗai, a wannan lissafin yana da aiki.

Yanzu mu zo kan sana'a. Amfaninta na farko shi ne sauri. Yaron da ya shiga walda, ko aikin famfo, ko wayarin, ko gyaran waya, cikin shekara 2 zuwa 3 ya fara kawo wani abu gida. Ku leƙa Panteka a Kaduna ku ga abin da masu ƙira da walda ke fitarwa, ku leƙa Farm Centre a Kano ku ga matasan da ke cin abinci da gyaran waya. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, gidaje da shaguna da yawa suka koma sola, mai iya haɗa ta da kyau ba ya rasa kira. A wuraren gine-gine na manyan garuruwanmu, sau da yawa masu sa tayil da kwalliyar rufi daga Togo da Jamhuriyar Benin ake ɗauko su. Aikin yana nan, hannun da ya ƙware ne ya yi ƙaranci. Hausawa suka ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Amma fa sana'a ma tana da nata ciwon, kada wani ya yi mana daɗin baki. Ana gama koyo sai maganar jari: kayan aiki, kuɗin shago, janareto. Wuta ba ta tsayawa. Masu karɓar aiki bashi sun fi masu biya nan take. Ranar da mai sana'a ya kwanta ciwo, ranar babu ko sisi, kuma babu fansho idan ƙarfi ya ƙare. Sannan idan layi ɗaya yana da teloli bakwai, na takwas da wa zai yi ciniki?

A nan ne ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu da ke harkar siyasa. Mun sha zuwa taron da aka horar da mata sati biyu, aka raba keken ɗinki, aka ɗauki hoto. Kafin wata ya zagayo wasu kekunan sun koma kasuwa. Ba laifin matan ba ne, sati biyu ba ya mai da mutum tela. Kuma me ya sa kullum ɗinki, sabulu da man shafawa? 'Yarki da ta iya lissafi za ta iya gyaran waya, za ta iya haɗa sola, za ta iya aikin kwamfuta. Akwai gidajen da ba a barin namiji ya shiga ciki, mace mai wannan sana'ar kasuwarta a buɗe take.

Tsakanin jami'a da shagon oga kuma akwai hanyar da muke yawan mantawa. Akwai kwalejojin fasaha da ke rubuta jarrabawar NABTEB. Akwai kwalejojin kimiyya da fasaha irin Kaduna Polytechnic, ƙarƙashin kulawar hukumar NBTE mai hedikwata a Kaduna, inda ake samun difloma cikin shekara 2. Akwai kwalejojin kiwon lafiya a jihohinmu. Hukumar NDE da asusun ITF mai hedikwata a Jos su ma suna horar da matasa sana'o'i. A irin waɗannan wurare yaro yana fita da aikin hannu da kuma takardar da zai nuna wa kamfani.

Saboda haka ga abin da muke roƙon kowace uwa. Na ɗaya, kowane yaro, mace ko namiji, ya gama sakandare. Mai sana'ar da ba ya iya karanta awo, ko rubuta rasit, ko lissafin riba, yaron wani zai zauna har tsufa. Kada kalmar sana'a ta zama hujjar cire yarinya daga aji. Na biyu, idan jami'a za a je, a tambayi sunan kwas ɗin, a nemi mutum biyu ko uku da suka karanta shi a ji me suke yi yanzu. Na uku, ɗalibin jami'a ya riƙe wata sana'a a lokacin hutu, ko da yajin aiki ya zo ba zai zauna a dakali ba. Na huɗu, idan sana'a ce, a kai yaro wurin ƙwararre mai mutunci, a yi magana a gaban shaidu kan shekarun koyo da abin da za a sallame shi da shi. Idan yarinya ce, uwa ta je da ƙafarta ta ga wurin. Kuma a fara tara kuɗin kayan aiki tun ranar da aka kai shi.

Shugabannin mata na mazaɓu, ga aikinku kafin taro na gaba. Kowace ta rubuto sunayen sana'o'in da ake nema a yankinta aka rasa mai yi, da ƙwararrun da ke karɓar yara koyo, da makarantar fasaha ko ta kiwon lafiya mafi kusa. Da wannan jerin za mu tunkari wakilanmu, domin idan za a yi wa mata da matasa horo, a yi wanda zai ciyar da su.

A tura wa wadda ba ta cikin zauren nan, a karanta wa iyayenmu da ba sa karatun boko. Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, ya ba su abin yi na halal. Amin.