Cutar Jijiyoyin Motsi: Darasin da Aikin Farfesa Pamela Shaw Ke Koya wa Najeriya

A watan Afrilun 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da tofersen, maganin farko da ke tunkarar ɗaya daga cikin tushen cutar mutuwar jijiyoyin motsi, wadda likitoci ke kira MND a taƙaice. Cikin waɗanda suka jagoranci gwajinsa akwai Farfesa Pamela Shaw ta Jami'ar Sheffield da ke Ingila, likitar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi.

Cutar na kashe jijiyoyin da ke kai umarni daga ƙwaƙwalwa da laka zuwa tsoka. Hannu ko ƙafa kan fara rauni, magana ta sarƙe, haɗiya ta gagara, daga bisani numfashi ya gaza, alhali a mafi yawan lokuta mai ciwon na cikin hankalinsa. Akasarin masu ita kan rasu cikin shekara biyu zuwa biyar. Tun 1869 likitan Faransa Jean-Martin Charcot ya bayyana ta, amma sai 1995 aka sami riluzole, wanda 'yan watanni kawai yake ƙara wa majiyyaci.

Shaw ta kammala karatun likita a Newcastle a 1979, ta koma Sheffield a 2000. A can ta kafa cibiyar SITraN, wadda Sarauniya Elizabeth ta buɗe a 2010, inda masu bincike da likitocin da ke duba majiyyata ke aiki a wuri guda. Hikimar ita ce abin da aka gano a ɗakin bincike ya isa ga majiyyaci da wuri.

Tofersen ya nuna irin haƙurin da aikin ke buƙata. A 1993 aka gano cewa tawaya a ƙwayar halittar gado mai suna SOD1 na haddasa cutar, sai bayan shekara 30 magani ya fito. Allurarsa ake yi ta ruwan laka, ya rage sarrafa gurɓataccen sinadarin da ke lalata jijiya. Gwajin da aka yi da mutum 108 bai cimma babban burinsa a wata shida ba. Sai da aka ci gaba da bibiya aka ga ciwon ya lafa ga waɗanda suka fara karɓa da wuri. Maganin ba ya warkarwa, kuma kimanin kashi 2 cikin 100 na majiyyata ne kaɗai yake yi wa amfani. Duk da haka ya tabbatar cewa cutar na da makama.

Najeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A 1974 marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun da abokan aikinsa a Ibadan suka wallafa nazari kan majiyyata 92 masu wannan cuta a mujallar Brain. Abin takaici, yau likitocin jijiyoyi 'yan ƙalilan ne a ƙasar, mafi yawansu a manyan birane, wasu kuma na ficewa ƙetare. Mai wannan ciwo a karkara sau da yawa akan ɗauka shanyewar ɓarin jiki ce ko jifa, dukiyar iyali ta ƙare kafin a san sunan cutar.

Wannan jarida na ganin gyaran na hannun masu tsara kasafi da masu rubuta wa ministoci shawara. A Abuja shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 na ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya, Gwamnatin Tarayya kuwa ba ta cika shi ba. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta buɗe rajistar masu cututtukan jijiyoyi a asibitocin koyarwa, domin masu gwajin magani ba sa zuwa inda babu alƙaluma. Asusun TETFund ya ba da tallafin bincike na shekaru masu yawa, wanda sauyin gwamnati ba zai katse ba. Hukumar inshorar lafiya ta NHIA kuma ta duba yadda za ta ɗauki nauyin gashin ƙashi, bututun ciyarwa da na'urar taimakon numfashi, waɗanda su ne ke sauƙaƙa wa majiyyaci a yau.

Mai haƙuri yakan dafa dutse, amma sai an ba shi itace. Idan ƙasar ba ta tanadi wannan ga likitocinta ba, binciken da Ibadan ta fara wasu ne za su ƙarasa shi.