Masu Babur A Abijan: Kyamara Na Ganin Gudu, Wa Ke Duba Taya?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gangaren Williamsville da sanyin safiya a watan Yuni, bayan an kwana ana ruwa, ba sai an ba shi labarin abin da ke samun masu babur ba. A irin wannan safiya ce muka ga wani matashi mai kai saƙo ya biyo bayan wata gbaka, da hular kwano a kansa, kuma ba wani gudu yake yi ba. Gbakar ta ci birki domin ɗaukar fasinja, shi ma ya taka nasa, sai kawai babur ɗin ya zame ya kwanta da shi a kan kwalta. Allah Ya taƙaita, ya tsira da karaya a hannu. Da jama'a suka ɗaga babur ɗin, sai ga tayar gaba sumul kamar ƙwaryar da aka suɗe, babu ko alamar zane a jikinta.

Wannan yaro bai karya wata doka da kyamara za ta iya kamawa ba. Amma duk da haka zai yi makonni bai fita nema ba, ga kuɗin ɗori, ga mai babur yana jiran nasa. Shi ya sa muke ganin lokaci ya yi da za a tattauna batun taya a fili, kamar yadda ake tattauna batun hular kwano da lasin.

Idan mai karatu bai manta ba, mahukuntan Kodebuwa sun ɗauki matakai masu yawa a kan haɗurran hanya a 'yan shekarun nan. A watan Satumba na 2021 aka fara cin tarar direbobi ta hanyar kyamarori a Abijan, sannan a watan Maris na 2023 aka fara aiki da lasin mai maki 12, wanda ake ragewa duk lokacin da direba ya yi laifi. Hukumar kiyaye haɗurra ta OSER kuma ba ta daina faɗakarwa ba. Babu shakka waɗannan matakai sun sa mutane da dama sun shiga taitayinsu. To amma kyamara lambar mota da gudunta take gani, jami'in da ke bakin hanya kuma takarda yake tambaya. Abin da ke haɗa babur da ƙasa, wato roba wadda faɗin inda take taɓa kwalta bai kai tafin hannu ba, da wuya ka ga wanda ya sunkuya ya duba shi.

Su kuwa babura sai ƙaruwa suke yi. A Bouaké sana'ar haya da babur ta kafu ne bayan rikicin da ya ɓarke a ranar 19 ga Satumba, 2002, lokacin da motocin haya suka yi ƙaranci. A Abijan kuwa, kai saƙo ne ya jawo ɗimbin matasa, musamman da sayayya ta waya ta yawaita. A yau ɗan kasuwar Adjamé yakan ɗora wa yaro atamfa ko kayan waya ya ce a kai Treichville cikin rabin awa, yaron kuma ya ratsa Plateau, ya haye gadar Houphouët-Boigny ko ta De Gaulle, ya dawo ya sake ɗaukar wani. Yawancin waɗannan matasa 'ya'yanmu ne da ƙannenmu, wasu haifaffun nan, wasu kuma 'yan ci-rani daga Nijar da Najeriya.

Ga kuma yanayin gari. Daminar Abijan biyu ce, babba daga Mayu zuwa Yuli, ƙarama a Oktoba da Nuwamba. Ruwan da ke sauka a Abobo da Williamsville da Adjamé yana gangarawa ne ta kwarin Gourou zuwa mahaɗar Indénié, wadda ta daɗe tana shan ambaliya. Ruwan daren 18 zuwa 19 ga Yuni, 2018 kaɗai ya ci rayuka kusan 20. Amma ga mai babur, ba sai an yi irin wannan ambaliya ba. Yayyafin farko ma ya fi hatsari, domin yana tayar da baƙin mai da ƙurar da suka kwanta a kan kwalta, ya mayar da hanya kamar an zuba miyar kuɓewa. Idan ruwan ya wuce, sai ya bar yashi a kan kwana. A nan ne ake gane bambancin taya da taya.

Abin da masu sayarwa ba kasafai suke bayyanawa ba shi ne, babu tayar da ta haɗa komai. Roba mai taushi tana kama ƙasa sosai, amma tana saurin cinyewa. Roba mai tauri tana daɗewa, amma riƙonta a jiƙaƙƙiyar kwalta bai kai na mai taushi ba. Zanen da ke jikin taya kuwa ba ado ba ne, hanyoyi ne da ruwa ke bi ya fita daga ƙarƙashinta. Idan zanen ya shafe, ruwa ya rasa mafita, sai taya ta hau kan ruwan maimakon kwalta. Saboda haka tambayar farko da ya kamata mai saye ya yi wa kansa ita ce: wace hanya nake bi, kuma me nake ɗauka?

Mai kai saƙo tsakanin Adjamé da Treichville, wanda kwanansa da wuninsa a kan kwalta ne, taya mai zanen titi ta dace da shi, wadda ke da tsagogi masu zurfi na fitar da ruwa. Taya mai manyan haƙora, irin wadda ake so a hanyoyin jar ƙasa na wajen Korhogo, tana burge matasa da yawa domin tana da kwarjini, amma a kan kwalta kan haƙoran ne kawai ke taɓa ƙasa, saboda haka riƙonta kaɗan ne idan an yi ruwa, kuma tana saurin cinyewa. Wanda ke shiga lungunan da babu kwalta sannan ya fito babban titi, sai ya nemi mai matsakaicin zane. Mai ɗaukar buhuna kuwa, ƙarfin taya ya kamata ya fara dubawa kafin komai.

Duk wannan bayani a rubuce yake a gefen taya, illa dai ba a koya mana karanta shi ba. Idan ka ga 3.00-17, lambar farko faɗin taya ce, ta biyu kuma girman ƙarfen da take hawa, duka a ma'aunin inci. Idan ka ga 4PR ko 6PR, ƙarfin jikinta ake nufi, kuma mai 6 ta fi jure kaya. Idan ka ga 42P, lambar 42 na nufin kilo 150 ne iyakar abin da tayar za ta ɗauka, 48 kilo 180, 52 kuma kilo 200, harafin P kuwa iyakar gudu ne, kilomita 150 a awa. Sai mai karatu ya haɗa nauyin direba da fasinja da buhun shinkafa mai kilo 50, waɗanda mafi yawansu a kan tayar baya suke, ya ga ko lissafin ya fita. Akwai kuma kibiya a jikin tayoyi da yawa da ke nuna inda za su fuskanta, kuma sau da yawa mun ga an ɗaura su a juye.

Mafi muhimmanci ita ce ranar haihuwar taya. Tun daga shekarar 2000, lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT suna nuna mako da shekarar da aka yi ta. Misali, 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, tana bushewa ta tsattsage, balle wadda aka jibge a rana a ƙofar shago. Kamfanin Michelin da kansa yana ba da shawarar a riƙa kai taya ga masani duk shekara idan ta yi shekara biyar ana aiki da ita, kuma a canza ta idan ta kai goma ko da zanenta bai ƙare ba. Haka nan a cikin tsagogin akwai 'yan tudu ƙanana, waɗanda alamar TWI ke nuna wurinsu. Ranar da zane ya yi daidai da su, tayar ta gama aiki. A Faransa doka ba ta yarda zurfin zanen tayar babur ya gaza milimita 1 ba.

Wani abin takaici shi ne yadda wasu marasa tsoron Allah ke sake tsaga tsohuwar taya da wuƙa mai zafi, su shafa mata baƙi ta yi ƙyalli, su sayar wa wanda bai sani ba. Irin wannan tsagi yana cin naman robar ne har ya kusa kai zaren ciki, kuma ranar da ta ga dama za ta fashe. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado. A ɗauka, a matsayin misali kawai, taya ta sefa 6,000 ta yi wata biyu, ta sefa 10,000 kuma ta yi wata biyar. Ta farko ta ci 3,000 a wata ke nan, ta biyu 2,000, tun ba a sa kuɗin faci da ranakun da aka rasa ba.

To me ya sa ake ci gaba da sayen ta arahar? A nan ne maganar ta wuce rashin sani. Da yawa daga cikin waɗannan yara ba su ne masu baburan ba. Akwai adadin da za su kawo wa mai shi kullum, kuma sau da yawa ba a fayyace wanda zai sayi taya ba. Mai babur yana ganin tun da tana riƙe iska ai da sauranta, yaro kuma ba zai cire kuɗin abincinsa ya gyara dukiyar wani ba. Idan an matsa, sai a canza ta baya domin ita ce ke saurin cinyewa, a bar ta gaba, alhali kuwa ta gaba ce ke ɗaukar mafi yawan nauyin birki, kuma idan ta zame da wuya a ceto babur. Hatta iska ma da ido ake aunawa ko da ɗan yatsa. Ƙarancin iska yana sa taya ta yi zafi ta cinye ta gefe, yawanta kuma yana rage riƙo ya cinye tsakiya. Ma'aunin iska ba shi da tsada, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta ɗau zafi.

Abin mamaki, duk wannan yana faruwa ne a ƙasar da ta fi kowace ƙasa a Afirka noman roba. Kodebuwa tana samar da sama da tan miliyan ɗaya a shekara, kamfanoni irin su SAPH da SOGB suna sarrafa ɗanyenta, sannan a loda mafi yawanta a jiragen ruwa zuwa Asiya da Turai. Daga can kuma sai ta dawo mana a matsayin taya, wani lokaci ma wadda wasu suka gama mora, irin kayan da ake kira Faransa-sai-wata-rana. Maƙwabtanmu na Najeriya sun ɗanɗana irin wannan: Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi baya a Legas a 2008, kuma duk da cewa tsofaffin tayoyi suna cikin jerin kayan da aka hana shigowa da su ƙasar, kasuwarsu ba ta mutu ba. Darasin shi ne, hani kaɗai ba ya wadatarwa matuƙar talaka bai samu sabuwa a farashin da zai iya ba.

Saboda haka muna kira ga OSER da ofisoshin magadan garin Adjamé da Treichville da su sanya batun taya cikin faɗakarwar da ake yi kafin damina, da Faransanci da Jula da Hausa, a tashoshi da gidajen rediyon unguwa. Jami'in da ke duba takarda, ba zai ɗauke shi minti ɗaya ba ya duba zanen taya, amma da nufin gyara, kada abin ya zama sabuwar hanyar tatsar yara. Kamfanonin kai saƙo su ma su riƙa duba baburan da ke aiki da sunansu. Shugabannin al'ummarmu da na 'yan kasuwa kuwa, su sa baki a riƙa rubuta yarjejeniya tsakanin mai babur da yaronsa, a faɗi ƙarara wanda taya ke wuyansa. A ganinmu mai dukiya ne ya fi cancanta, tun da shi ke cin riba.

Ku kuma 'yan'uwa masu babur, kafin ku tayar da inji gobe da safe, ku sunkuya ku karanta lambobin nan huɗu, ku sa farce a cikin tsagin taya ku ji zurfinsa. Idan kun sa sabuwa, ku bi ta a hankali a kilomita ɗari na farko, domin tana da santsi. Idan kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya kiyaye mu da ku, Ya sa mu ga ƙarshen damina lafiya.